Jitar Cinya a Hannun Makaɗan Blues Baƙaƙen Fata na Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawan fitowa daga bakin masu sauraron kiɗan blues, musamman waɗanda suka ga makaɗi zaune da jita kwance a cinyarsa, yana jan guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta, suka kuma yi mamakin jin cewa wannan salo yana da dogon tarihi a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka. An fara da tambayoyin share fage, sannan aka shiga masu zurfi.

Mece ce jitar cinya, kuma da me ta bambanta da jitar da kowa ya sani?

Jitar cinya, wadda Amurkawa ke kira lap steel, jita ce da ake kwantarwa a kan cinya, ko a kan tebur, ko a kan ƙafafu na musamman, fuskarta tana kallon sama. Makaɗinta ba ya danne tsirkiya da yatsu kamar yadda aka saba gani. Yana riƙe da guntun ƙarfe mai nauyi da santsi a hannun hagu, ya ɗora shi a kan tsirkiyoyin yana zamewa da shi gaba da baya, yayin da hannun dama ke taɓa tsirkiyoyin da faratan roba ko na ƙarfe da ake sanyawa a babban yatsa da manuni da na tsakiya. Tsirkiyoyin suna can sama, nesa da itacen wuyan jitar, don haka layukan da ke jikin wuyan ba sa taɓa tsirkiya ko kaɗan. Alamomi ne kawai da ido ke bi.

Wannan tsari shi ne tushen duk wani bambanci da kunne ke ji. Jitar da aka saba da ita tana tsallakawa ne daga wannan amo zuwa wancan, amma jitar cinya tana bi ta duk abin da ke tsakaninsu ba tare da yankewa ba. Amfanin hakan ga blues yana cikin amsar tambaya ta biyar.

A ina aka ƙirƙiro ta?

A tsibiran Hawai, a ƙarshen ƙarni na 19. Jita ta riga ta zauna a tsibiran tun bayan zuwan makiyayan shanu daga Meziko a shekarun 1830, kuma mutanen Hawai sun saba sassauta tsirkiyoyi su ɗaure su yadda ya dace da waƙoƙinsu. Wanda aka fi jingina wa ƙirƙirar salon ƙarfe shi ne Joseph Kekuku, haifaffen garin Laie a tsibirin Oahu a 1874, wanda ya inganta salon wajen 1889 yana ɗalibi a makarantar Kamehameha da ke Honolulu. Ya ɗaga tsirkiyoyin sama, ya koma amfani da na waya, ya kuma ƙera guntun ƙarfen da ya dace da hannu. Akwai wasu sunaye da ake ambata, irin su Gabriel Davion da James Hoa, amma Kekuku ne ya mayar da abin fanni da ake koyarwa.

An hamɓarar da masarautar Hawai a 1893, Amurka ta haɗe tsibiran a 1898, kuma a shekarun da suka biyo baya makaɗan Hawai da yawa suka bazama neman abinci a ƙasashen waje. Kekuku da kansa ya tafi babban yankin Amurka a 1904, bai kuma sake komawa gida ba har ya rasu a 1932. Babban baje kolin da aka yi a San Francisco a 1915, inda rumfar Hawai ta ja dubban 'yan kallo, shi ne ya sa kiɗan ya zama ruwan dare a faɗin ƙasar.

Ta yaya salon ya isa hannun baƙaƙen fata a kudancin Amurka?

Ta hanyoyi da dama a lokaci guda. Ƙungiyoyin makaɗan Hawai sun riƙa zagaya garuruwan kudu cikin ayarin masu wasannin tanti da na gidajen kallo, kuma saboda launin fatarsu, dokokin wariya sukan tilasta musu sauka a masaukan baƙaƙen fata, inda makaɗa ke cuɗanya da juna. Ga faifan garmaho da ke shiga gidaje, ga kuma kamfanonin da ke sayar da jita mai araha ta gidan waya tare da ɗan littafin koyo. Da yawa daga cikin tsofaffin makaɗan blues da aka yi hira da su daga baya sun riƙa kiran wannan kiɗa da salon Hawai, ba tare da wata jayayya ba.

Shaidar da aka fi ambatawa ita ce ta W. C. Handy, marubucin waƙoƙin blues, wanda ya ba da labarin cewa wajen 1903, yana jiran jirgin ƙasa a tashar Tutwiler ta jihar Mississippi, ya ji wani baƙar fata cikin tsummoki yana danna wuƙa a kan tsirkiyoyin jitarsa yana rera waƙa. Handy ya kamanta abin da yadda makaɗan Hawai ke yi da ƙarfe. Sai dai ya kamata a lura cewa a 1941 ya wallafa wannan labari, bayan kiɗan Hawai ya gama mamaye Amurka, saboda haka kamantawar tasa ba ta tabbatar da inda mutumin tashar ya koyo ba. Gus Cannon, makaɗin banjo, shi ma ya ce wajen 1900 ya ga wani mai suna Alec Lee yana kiɗa da wuƙa a yankin Clarksdale, kuma a 1927 Cannon ya naɗi faifai da banjo kwance a cinyarsa yana jan wuƙa a kanta.

To, ba daga Afirka wannan salo ya samo asali ba?

Wannan ce tambayar da ta fi jawo muhawara, kuma masana sun kasu gida biyu. Ɓangare na farko yana nuni da wani abin kiɗa na yara a karkarar Mississippi da ake kira diddley bow: yaro ya warware wayar da ke ɗaure da tsintsiya, ya kafa ƙusa biyu a bangon katako na gidansu, ya ɗaure wayar, ya cusa kwalba ko dutse a ƙarƙashinta don ta miƙe, sannan ya riƙa bugunta da ƙusa yana jan wata kwalbar a kanta. Bangon gidan ne ke ƙara ƙarfin amon. Makaɗa irin su Elmore James sun fara ne da irin wannan waya. Gerhard Kubik, masanin kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya wanda ya shafe shekaru yana bincike a Afirka, ya danganta wannan da wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya na yara a tsakiyar Afirka, inda yaro ɗaya ke bugu da sanduna, ɗaya kuma yana jan wuƙa ko kwano a kan tsirkiyar. A littafinsa na 1999 ya kuma kawo hujjar cewa yadda ake lanƙwasa murya da karkaɗa ta a blues na Mississippi ya fi kusa da salon waƙar yankin savana, daga Mali zuwa arewacin Ghana da arewacin Najeriya da arewacin Kamaru, kuma kiɗan goge na Hausawa yana cikin misalan da ya bayar.

Ɓangare na biyu, wanda masanin tarihi John Troutman ya fi kowa tsaya wa a littafinsa na 2016, yana cewa rubutattun shaidu kan wayar bango ba su bayyana ba sai a shekarun 1930, alhali shaidun zagayen makaɗan Hawai a kudu sun riga su da shekaru masu yawa, kuma marubutan blues sun daɗe suna rage wa mutanen Hawai haƙƙinsu saboda labarin tushen Afirka ya fi musu daɗin faɗa.

A ganina kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, kuma ba dole ba ne a zaɓi ɗaya a jefar da ɗaya. Kwantar da jita a cinya, ɗaga tsirkiya, da jan ƙarfe a kanta, dabara ce ta Hawai, kuma hana su wannan yabo zalunci ne. Amma abin da baƙaƙen fata suka sa jitar ta faɗa, da irin amon da kunnensu ke nema tun kafin su gan ta, ya fito ne daga waƙoƙin gona da na ibada da suka gada. Rashin rubutacciyar shaida a kan wasan yaran talakawa ma ba ya nufin wasan bai wanzu ba, domin ba wanda ya damu da rubuta irin wannan a wancan zamani.

Me ya sa ta dace da blues haka?

Domin blues kiɗa ne da aka gina a kan muryar mutum, kuma muryar mawaƙin blues tana yawan sauka a wuraren da ke tsakanin amo biyu na fiyano, musamman a mataki na uku da na bakwai na sikeli, wato jerin amon kiɗa daga ƙasa zuwa sama. Fiyano ba ta iya kai wa ga waɗannan wurare, jitar yau da kullum kuma sai an ja tsirkiya da ƙarfin yatsa kafin ta kusance su. Guntun ƙarfe yana isa gare su kai tsaye, ya tsaya, ya karkaɗa, ya zame ƙasa kamar nishi. Wanda ya saba jin yadda goge ke bin muryar mawaƙi yana maimaita abin da ya faɗa har a gane kalmomin zai fahimci abin nan da nan.

Tsarin waƙar ma ya bar mata gurbi. A baitin blues na gargajiya, mawaƙi yana rera layi, ya maimaita shi, sannan ya kawo layi na uku da ke warware zancen, kuma bayan kowane layi akwai sarari da jita ke ba da amsa. Wasu makaɗan sukan bar rabin layi ba su ƙarasa ba, jitar ta ƙarasa musu. Tasirin wannan amo ya kai har ga waɗanda ba su taɓa riƙe ƙarfe ba: B. B. King ya sha faɗa cewa ya ƙirƙiro karkaɗa yatsarsa ne don ya kasa kiɗa da ƙarfe kamar ɗan'uwansa Bukka White, sai ya nemi hanyar kwaikwayon amon da yatsa.

Shin ita ce kiɗan wuyan kwalba da ake ji a wurin Muddy Waters da Elmore James?

'Yan'uwan juna ne, amma ba abu ɗaya ba ne. Mai wuyan kwalba yana riƙe jita a tsaye a ƙirjinsa, ya zura yatsa ɗaya cikin wuyan kwalba ko bututun ƙarfe, sauran yatsun kuma suna nan suna iya danne tsirkiya. Mai jitar cinya ya sadaukar da yatsun hagu gaba ɗaya ga riƙon ƙarfe, amma ya samu abin da wancan ba shi da shi: nauyin ƙarfe mai tsawaita amo, damar karkata ƙarfen don haɗa amo biyu daga layuka daban-daban, da ganin duk wuyan jitar a gabansa. A farkon zamani iyakar ba ta da tsauri. Bukka White yakan yi yawancin kiɗansa a tsaye, sannan ya kwantar da jitar a cinya idan ya zo wasu waƙoƙi, kuma akwai hotunan bidiyo na shekarun 1960 da suka nuna hakan.

Wane ne ya fara naɗar wannan salo a faifan blues?

Sylvester Weaver na birnin Louisville a jihar Kentucky. A watan Oktoban 1923 ya raka mawaƙiya Sara Martin da jita a faifan kamfanin OKeh, abin da ba a taɓa yi ba a faifan blues, domin kafin nan fiyano ko ƙungiyar masu busa ke raka mawaƙa. A watan Nuwamba na shekarar ya naɗi kiɗa biyu shi kaɗai, "Guitar Blues" da "Guitar Rag", yana zamewa a kan tsirkiya. Na biyun yana da muhimmanci ƙwarai ga tambaya ta goma sha ɗaya, domin ya sake bayyana bayan shekara 13 da wani suna a hannun wani makaɗi.

Su wane ne manyan makaɗanta kafin Yaƙin Duniya na Biyu?

Casey Bill Weldon ne ya fi kowa kusa da salon Hawai na asali, har kamfanonin faifai suka riƙa tallata shi da laƙabin gwanin jitar Hawai. Ya yi naɗe-naɗe da yawa a Chicago tsakanin 1935 da 1938 a kamfanonin Vocalion da Bluebird, kiɗansa yana da tsabta da rausaya, kuma ɗaya daga cikin waƙoƙinsa ta zama babbar nasara a bakin Louis Jordan a farkon shekarun 1940. Kokomo Arnold, bahago ɗan jihar Georgia, akasin Weldon ne: yana kiɗa da gudu da zafi, jitar tana neman tsere wa muryarsa. Faifansa na 1934 a kamfanin Decca ya yi tasiri a kan Robert Johnson, wanda ya gina waƙoƙi biyu a kan nasa. Arnold ya bar kiɗa a 1938 ya koma aikin masana'anta, kuma da masu bincike suka gano shi daga baya bai nuna sha'awar dawowa ba.

Akwai kuma reshen Shreveport na jihar Louisiana, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Oscar Woods, makaɗin titi da ke kiɗa a cinya, ya raka farar fata Jimmie Davis a faifai a farkon shekarun 1930, a lokacin da haɗuwar baƙi da fari a ɗakin naɗar sauti abu ne da ba a cika gani ba. Davis ya zama gwamnan Louisiana har sau biyu, a zangonsa na biyu ma ya kare tsarin wariya, Woods kuwa ya ci gaba da kiɗa a bakin titi da wuraren shaƙatawa, inda John Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya naɗe shi a 1940 don Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. Almajirin Woods shi ne B. K. Turner, wanda aka fi sani da Black Ace, haifaffen Hughes Springs a Texas a 1905. Yana ɗora jitar National ta ƙarfe a cinya, yana jan ƙaramar kwalbar magani a kanta. Ya naɗi waƙoƙi shida a Decca a 1937, ya yi shirin rediyo a Fort Worth, sannan ya ɓace wa duniyar faifai har 1960, lokacin da Chris Strachwitz na kamfanin Arhoolie ya same shi ya naɗe shi a gidansa.

Jitar National da yawancinsu suka riƙe ta fito kasuwa a 1927. John Dopyera ne ya tsara ta da jiki na ƙarfe da faifai uku na alminiyam a cikinta masu ƙara amo, kuma kafin zuwan lantarki ita ce jitar da ake iya ji a cikin hayaniyar titi ko ta gidan rawa.

Me zuwan lantarki ya canza?

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, jitar lantarki ta farko da ta samu kasuwa jitar cinya ce. George Beauchamp da Adolph Rickenbacker sun fitar da ita a 1932, kuma saboda ƙaramin jikinta mai zagaye da dogon wuya aka yi mata laƙabi da kaskon suya. Lantarki ya ba ta amo mai tsawo da ƙarfi, ya kuma ba da damar ƙara tsirkiyoyi zuwa takwas, har ma da haɗa wuya biyu ko uku a kan ƙafafu.

A blues, jihar Texas ce ta fi riƙe ta a wancan zamani. Hop Wilson na Houston ya naɗi faifai a kamfanin Goldband da ke Lake Charles a ƙarshen shekarun 1950, sannan a ƙaramin kamfanin Ivory na mai gangarsa King Ivory Lee Semien. Kiɗansa yana da kaushi da duhu, tsirkiyoyin ƙasa suna gurnani, muryarsa kuma cike take da ɓacin rai. Ba ya son tafiye-tafiye, don haka ya rasu a 1975 ba tare da an san shi sosai a wajen Houston ba, ko da yake Johnny Winter da Albert Collins sun ɗauki waƙarsa. L. C. Robinson, haifaffen Brenham, ya koma yankin Oakland na California, inda ya haɗa jitar cinya da goge irin na Turawa da jitar yau da kullum. Ya yi faifai a Arhoolie a farkon shekarun 1970 tare da mutanen ƙungiyar Muddy Waters.

Me ya sa ake ware Freddie Roulette da yabo na musamman?

Domin shi ne ya nuna cewa jitar cinya tana iya zama cikin ƙungiyar blues ta Chicago ta yi gogayya da kowace jita. An haife shi a Evanston kusa da Chicago a 1939, ya fara koyo tun yana ɗan makaranta bayan ya ga wata yarinya tana kiɗa ta, kuma ya koyi salon Hawai da karatun kiɗa kafin ya shiga gidajen rawa na kudancin birnin. Ya yi aiki da Earl Hooker da Charlie Musselwhite a ƙarshen shekarun 1960, ya koma yankin San Francisco, ya fitar da kundinsa na farko a 1973. Yana kiɗa da jita mai tsirkiya takwas, da nasa ɗaurin na musamman, lofe a bakinsa, yana karkata ƙarfen da saurin da ke fitar da haɗe-haɗen amo irin na jazz. Yakan faɗi jimla da baki, sannan ya sa jitar ta maimaita ta da irin hawa da saukar muryarsa, har 'yan kallo su fashe da dariya. Ya rasu a watan Disamban 2022, kuma a ra'ayina sunansa bai kai inda gwanintarsa ta kai ba.

Idan tarihin ya kai haka, me ya sa ake ɗaukar ta a matsayin kayan kiɗan fararen fata?

Babban dalili shi ne yadda kamfanonin faifai suka raba kasuwa tun shekarun 1920: jeri ɗaya na baƙaƙen fata, jeri ɗaya na fararen karkara, kowanne da kundin tallansa, ko da kuwa makaɗan suna koyo daga juna. Misali mafi bayyana shi ne kiɗan Sylvester Weaver da aka ambata a tambaya ta bakwai. A 1936 Leon McAuliffe, matashin makaɗi a ƙungiyar Bob Wills, ya naɗi "Steel Guitar Rag", wanda karinsa na Weaver ne, faifan ya yi kasuwa sosai, ya zama darasin farko na kusan duk mai koyon jitar ƙarfe a kiɗan country, wato kiɗan fararen karkara, sunan Weaver kuma ya shuɗe. Daga 1954, bayan Bud Isaacs ya yi amfani da feda, wato abin takawa da ƙafa mai canza amon tsirkiya, a faifan Webb Pierce, jita mai feda ta zama tambarin Nashville, cibiyar kiɗan country, jitar cinya ta koma tsohon yayi.

A ɓangaren blues kuma, makaɗin da ke tsaye yana yawo a dandamali, irin T-Bone Walker, ya fi jan ido a kan wanda ke zaune kansa a sunkuye. Duk da haka silsilar ba ta yanke ba, kuma ta bi ta hanya mai ban sha'awa: McAuliffe, wanda ya ɗauki karin Weaver, shi ne ake ambata a matsayin wanda ya jawo L. C. Robinson ga jitar ƙarfe. Robinson ya koyar da Sonny Rhodes. Rhodes kuma ya raini Selwyn Birchwood, wanda za a ambata a tambaya ta goma sha huɗu.

Mene ne matsayin coci a wannan tarihi?

Coci ce ta adana jitar a lokacin da gidajen rawa suka yi watsi da ita, kuma babu wani wuri da baƙaƙen fata suka zurfafa fannin kamar nan. Mary Magdalena Lewis Tate ta kafa wata majami'a ta Fentikostal a 1903, wadda bayan rasuwarta a 1930 ta rabu gida uku. Biyu daga ciki, reshen Keith da reshen Jewell, su ne suka rungumi jitar ƙarfe. A shekarun 1930 Troman Eason ya koyi salon a wurin wani ɗan Hawai a Philadelphia, ya shigo da shi coci. Ƙanensa Willie Eason, wanda ya rayu daga 1921 zuwa 2005, shi ne ya sauya akalar abin, ya riƙa bin tsirkiya ɗaya yana kwaikwayon muryar masu waƙar ibada har aka ce jitarsa tana magana. Henry Nelson a Florida da Lorenzo Harrison a reshen Jewell suka gina a kan wannan.

A irin waɗannan majami'u jitar tana zaune ne a gurbin da ogan ke zama a wasu wurare. Tana raka mai wa'azi, tana amsa masa jimla bayan jimla, tana ƙara zafi idan ya ɗaga murya; tana jagorantar jerin masu kai baiko; tana kuma ɗaukar jama'a zuwa lokacin yabo mai tsanani da ganguna. Masu yi suna kafa hujja da Zabura ta 150, wadda ta yi umarnin yabo da kayan kiɗa masu tsirkiya. Kusan shekara sittin ana wannan ba tare da mutanen waje sun sani ba, sai da Robert Stone, mai binciken al'adu a Florida, ya fara bibiyar abin a 1992, Arhoolie kuma ta fitar da kundin farko a 1997. Daga nan duniya ta san Aubrey Ghent, ɗan Henry Nelson, da Calvin Cooke na Detroit, da Sonny Treadway, da 'yan'uwan Campbell na Rochester, da Robert Randolph na New Jersey.

Kiɗan cocin ba blues ba ne a wurin masu shi, kuma ya kamata a girmama wannan bambanci, domin a gare su ibada ce. Fitar da shi zuwa gidajen rawa da bukukuwa ya jawo saɓani tsakanin wasu makaɗa da shugabanninsu. Amma ta fuskar amo, lanƙwasar murya da kira da amsa tushensu ɗaya da na blues.

Yaya ake ɗaure tsirkiyoyinta?

Tun da ƙarfen a miƙe yake, ana ɗaure tsirkiyoyin yadda idan aka kaɗa su a sake za su ba da amo mai jituwa. Tsofaffin makaɗan blues sun dogara da ɗauri biyu: wanda suke kira Spanish, wato D G D G B D (kowane harafi sunan amon tsirkiya ɗaya ne), da wanda suke kira Vestapol, wato D A D F# A D, kuma dukansu sun samo suna daga wasu kaɗe-kaɗen falo na ƙarni na 19 da ke cikin littattafan koyon jita. Makaɗan country sun fi son C6, wanda Jerry Byrd ya yaɗa, makaɗan coci da yawa kuma suna amfani da ɗaurin E7 da ire-irensa, Roulette kuwa ya zauna a kan A7.

Su wane ne ke riƙe da ita a wannan zamani, kuma ta iso Afirka?

Sonny Rhodes, haifaffen Smithville a Texas a 1940, wanda aka sani da rawaninsa a dandamali, ya riƙe ta har rasuwarsa a 2021. Selwyn Birchwood, haifaffen Florida a 1985, ya shiga ayarinsa yana ɗan shekara 19, ya lashe gasar blues ta duniya da ake yi a Memphis a 2013, ya kuma fitar da faifai a kamfanin Alligator. Ben Harper ya dawo da jitar Weissenborn mai wuyan rami, wadda aka ƙera da itacen koa a Los Angeles a shekarun 1920, kuma kundin da ya yi da Charlie Musselwhite ya samu lambar Grammy ta blues a 2014. Daga coci kuma akwai Roosevelt Collier da A. J. Ghent, jikan Henry Nelson.

A Afirka jitar ta shigo ta wasu ƙofofi dabam. Dakta Nico Kasanda ya yi amfani da jitar Hawai a kiɗan rumba na Kongo, Demola Adepoju kuma ya sa mai feda a kiɗan juju na King Sunny Ade, har Paul Simon ya gayyace shi aikin kundinsa na 1986.

Mai son koyo, ta ina zai fara?

Ba sai ya sayi jita ta musamman ba. Jitar katako mai tsirkiyar waya ta isa, in dai an ɗaga tsirkiyoyin daga wuya ta hanyar sa ɗan ƙarfe ko ƙashi mai tsayi a inda suke hawa kusa da kan jitar. Guntun ƙarfe mai santsi da nauyi, wanda maƙeri ko mai injin gyaran ƙarfe zai iya gogewa, ya fi kwalba ba da amo mai tsawo. A fara da ɗaurin Vestapol da aka bayyana a tambaya ta goma sha uku, domin da shi ana samun manyan haɗe-haɗen amo uku na blues a tsirkiya sake, da layi na biyar, da layi na bakwai.

Abu biyu ne ke ba sabon shiga wahala. Na farko shi ne kashe amon da ba a so: yatsa na huɗu da ƙaramin yatsa na hagu su kwanta a kan tsirkiyoyin a bayan ƙarfen, gefen tafin hannun dama kuma ya riƙa tsayar da tsirkiyar da ta gama aikinta, in ba haka ba sai a ji ƙara da shashasha. Na biyu shi ne daidaiton amo. Ƙarfen yana tsayawa ne daidai saman layi, ba a bayansa ba kamar yatsa a jitar yau da kullum, kuma kuskure kaɗan ya isa ya ɓata kiɗan. Makaɗan coci suna fara yara da tsirkiya ɗaya, su sa su bi waƙar da suka riga suka haddace da baki har sai jitar ta faɗe ta daidai, kafin su bar su su taɓa sauran tsirkiyoyin, kuma wannan hanya tana aiki ga mai koyon blues kamar yadda take aiki ga ɗan coci.